Rai Baƙon Duniya: Daga Ina, Zuwa Ina?

 Gaisuwa gare ka kai da ke ruga, ka ɗaure maruƙa ka jawo rediyo kusa da wuta. Gaisuwa gare ka kai da ke kwance ƙarƙashin babbar mota kana jiran gari ya waye a ɗaga shinge, ko a Jibiya kake ko Ɗan Isa, ko Illela ko Ƙonni, ko Maigatari, ko Gaya, ko Gamborun Ngala, ko Kusiri. Gaisuwa ga iyayenmu mata masu tallar nono da masu fataucin kayan miya. Allah ya sa kowa ya wuni lafiya.

Yau ba farashin shanu za mu taɓa ba, ba kuma canjin naira da sefa ba. Za mu zauna kan tambayoyi uku da kowa ya taɓa yi wa kansa, ko da bai faɗa wa kowa ba. Ta farko: wannan rai da ke jikina da jikin dabbata, daga ina ya taso? Ta biyu: wane ne wannan da ke cikina, mai jin zafi da daɗi, mai cewa "ni"? Ta uku: in numfashi ya tsaya, sai me?

Tun daga farko bari mu raba kaya, kamar yadda ɗan kasuwa ke yi. Mudu yana auna gero, sikeli yana auna gishiri, amma babu mudun da ke auna amana. To haka ilimi yake. Akwai abin da masu binciken kimiyya ke iya aunawa su gwada, kowa ya sake gwadawa ya gani. Akwai kuma abin da ma'auninsu bai kai gare shi ba, sai dai labarin da annabawa suka zo da shi. In muka faɗi na farko za mu ce an auna. In muka faɗi na biyu za mu ce imani ne. Kar mu cuɗa su, don wanda ya cuɗa gero da shinkafa ya ɓata duka biyun.

Jikinka da taurari

Makiyayi ya fi ɗan birni sanin sama. Kai ne ke duba Kaza da 'Ya'yanta ka san damina ta kusa, kai ne ke ganin Gamzaki ka san asuba ta gabato. To ga wani abu da aka auna game da su. Haske yana gudun kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Duk da wannan gudu, hasken rana sai ya yi minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso bayanka. Shi kuwa hasken Kaza da 'Ya'yanta, tafiyar shekara kusan 440 yake yi. Ma'ana, hasken da zai shiga idonka daren yau ya baro gida tun zamanin da Mai Idris Aloma ke sarautar Barno, fiye da shekara 150 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ka ga ashe duk wanda ya ɗaga kai da dare, tsohon labari yake kallo.

Masana sun lissafa cewa sararin nan gaba ɗaya ya fara ne shekara kusan biliyan 13.8 da suka wuce, ƙasar da muke takawa kuma ta kai shekara biliyan 4.5. A farkon al'amari babu ƙarfe, babu gawayi, babu ma iskar da muke shaƙa. Kusan duk abin da ke akwai wasu iskoki ne biyu marasa nauyi, haidirojin da hiliyam. Sauran sinadaran a cikin taurari aka ƙera su. Tauraro kamar maƙera yake: tsananin zafi da matsi a cikinsa suna narka ƙananan sinadarai su zama manya. In babban tauraro ya tsufa sai ya fashe, ya watsa abin da ya ƙera, daga wannan ƙura sai wasu taurari da duniyoyi su haɗu.

To ina ruwanka da wannan? Ruwanka shi ne, jan da ke cikin jininka na ƙarfe ne. Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙarfe kamar giram 4, wanda bai wuce ƙusa guda ba. Shi ke ɗauko iska daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki, in ya yi ƙaranci ka ga mace mai ciki ta yi fari fat tana haki. Wannan ƙarfe, da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashinka da ƙahon bijiminka, duk a cikin taurarin da suka mutu tun kafin a yi rana aka dafa su. Suka shiga ƙasa, ciyawa ta tsotso, saniya ta ci, ka sha nono. Fiye da rabin nauyinka kuma ruwa ne. Malamai sun karantar da mu cewa daga ƙasa da ruwa aka yi mu. Da aka kai jiki ɗakin bincike aka tantance, ba a sami komai a cikinsa ba sai abin da ke cikin ƙasa da ruwa da iska.

Duwatsun da suka faɗo mana

Kar ka ce wannan labarin Turawa ne da nisa. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da Zagami a ƙasar Katsina, sai ya ji ƙara mai tsanani, wani dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi aka ɗora a sikeli, kilo 18. Shekaru bayan haka masana suka sami 'yar iska a kulle cikin dutsen, suka gwada ta da iskar duniyar Mas, wadda kumbunan Amurka suka auna a can a 1976, sai ta zo daidai. Ashe dutsen Zagami ɓallin duniyar Mas ne. Wani abu ne ya doki waccan duniyar ya tsinke shi, ya yi ta yawo a sarari har ya sauka a gonar Bakatsine. A 1996 ma an ɗora ɗan ƙanƙanin ɓarɓashinsa a wani kumbo aka mayar da shi can ya kewaya garinsu.

Na biyu a Sudan ne. Ranar 6 ga Oktoba 2008 wani mai duban sama a Amurka ya hango dutse mai girman ƙaramar mota ya nufo mu. Aka yi lissafi aka ce gobe da asuba zai shigo ta arewacin Sudan. Haka kuwa aka yi: ya fashe a sama bisa hamadar Nubiya, kusa da wata tashar jirgin ƙasa da ake kira Tasha ta Shida. Ɗaliban jami'ar Khartum suka jeru cikin rairayi suna tsinta, har aka tara gutsattsari kusan 600. Da aka bincika sai aka sami sinadaran da ake kira amino asid a cikinsu. Waɗannan su ne tubalan da ake gina nama da su, naka da na akuyarka. An taɓa samun irinsu a wani dutse da ya faɗo a ƙasar Ostareliya a 1969. Don kar a ce ƙasarmu ce ta shafa musu, hukumar NASA ta aika kumbo ya ɗebo ƙasa daga wani dutse mai yawo a sarari da ake kira Bennu, ya dawo da giram 121 a rufe a watan Satumba 2023. A ciki aka sami 14 daga cikin iri 20 na waɗannan tubala da jikin mai rai ke amfani da su.

Tubali ba gida ba ne

A nan sai a yi hattara, don nan ne masu gaggawa ke zarcewa. Samun tubali a fili ba ya nufin an sami gida. Tun 1953 wani ɗalibi a birnin Shikago, Stanley Miller, ya zuba ruwa da wasu iskoki a kwalba, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki kamar walƙiya, bayan mako guda ya sami amino asid. Shekara 70 da ɗoriya ke nan, amma har yau babu wanda ya haɗa matattun sinadarai ya tayar da ƙwayar halitta guda mai ci, mai girma, mai haihuwa. A 2010 wasu masana a Amurka sun harhaɗa saƙon gado na wata ƙwayar cuta da hannunsu, amma sai da suka zuba shi cikin ƙwayar da ke da rai tun asali kafin ya yi aiki. Wato aron wuta suka yi a maƙwabta, ba su ƙyasta tasu ba.

Abin da aka tabbatar shi ne, duk mai rai da muke gani yau daga mai rai ya fito. Da can mutane sun ɗauka ruɓaɓɓen nama ne ke haifar da tsutsa da kansa. A 1668 wani likita a Italiya, Francesco Redi, ya sa nama a tulu biyu, ya rufe ɗaya da ƙyalle ya bar ɗaya a buɗe. Wanda ƙuda ya sauka a kai shi kaɗai ya yi tsutsa. Kai makiyayi ka san wannan a aikace: gyambon da ke bayan sa ba ya tsutsa sai ƙuda ya yi ƙwai a ciki, shi ya sa wanke shi da rufe shi ya fi kowane tofi saurin aiki. To in kowane rai daga rai ya fito, na farkon fa? Duwatsu sun nuna alamar ƙananan halittu tun shekara biliyan 3.5 da suka wuce. Yadda aka tsallaka daga mataccen sinadari zuwa mai rai kuwa, masana suna da hasashe iri iri, wasu su ce a maɓuɓɓugar ruwan zafi a ƙasan teku, wasu su ce a tafkuna masu ƙafewa su sake cika, amma babu wanda ya tabbata. Mai imani, Musulmi ko Kirista, ya san Wanda ya yi. Mai bincike yana neman sanin ta wace hanya aka bi. Tambayoyi biyu ne daban, ba sai sun yi faɗa ba.

Wane ne ke ji a ciki?

Mu zo ta biyu. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, suna aika wa juna saƙo ta lantarki da sinadarai. Cewa hayyacinmu yana rataye da ita, wannan kowa ya gani. Sanda ta sauka a ka, mutum ya faɗi bai san inda yake ba. Likita ya yi maka allurar barci, a yanka ciki a ɗinke, ka farka kana tambaya ko an fara. Ɗan ƙwaya ya haɗiyi abinsa, halinsa ya canja. Tsoho ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, ya kasa kiran sunan ɗansa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Na'ura tana iya nuna wurin da ya motsa a ƙwaƙwalwarka lokacin da ka kurɓi fura mai sanyi bayan tafiyar yini. Ba ta iya nuna daɗin da ka ji. Ta yaya motsin lantarki a cikin tsoka ke zama ƙishi, ko kewar gida, ko kunya? Wannan ita ce tambayar da ta gagari masana har gobe. Waɗansunsu sun ce ji da sani aikin ƙwaƙwalwa ne kawai, kamar yadda narka abinci yake aikin ciki. Waɗansu sun ce a'a, bayanin bai cika ba. Ibn Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037, ya kawo wani misali. Ya ce ka ƙaddara an halicci mutum yanzu yanzu da cikakken hankali, yana rataye a iska, idonsa a rufe, ba ya jin sauti, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna. Ba zai san yana da hannu ko ƙafa ba, amma zai san cewa shi yana nan. Da wannan ya kafa hujjar cewa mai cewa "ni" wani abu ne da ya wuce gaɓoɓi. Alƙur'ani kuma a Suratul Isra'i ya nuna cewa sha'anin ruhi na Ubangiji ne, abin da aka ba mu na saninsa kaɗan ne.

Dabbobinka fa? A 2001 masu bincike kusa da Kambirij a Ingila sun gano tunkiya tana iya gane fuskokin tumaki 50, ta riƙe su har shekara biyu. A 2012 wasu masana ƙwaƙwalwa suka taru a wannan gari suka sa hannu a takarda cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan ƙwaƙwalwar da ke haifar da ji. Na san wani a ruga yana dariya yanzu, yana cewa sai yau suka sani? Gaskiyarka. Wanda ya ga nagge tana kuka kwana uku don an sayar da ɗan maraƙinta, wanda ke kiran saniya da sunanta ta ɗago kai daga cikin garke, ba ya bukatar takarda. Amma in mun yarda suna ji, to akwai hakki a kanmu. Ku masu lodin shanu zuwa kudu, dabbar da aka cusa a mota kwana biyu babu ruwa, aka karya mata wutsiya don ta miƙe, tana jin abin nan kamar yadda za ka ji. Mai yanka kuma ya wasa wuƙarsa, kar ya wasa a gabanta. Addini ya riga kimiyya faɗin haka.

Ga wani binciken da ya shafi kowane gida. A 2006 wani masani, Adrian Owen, ya sa wata mata 'yar shekara 23 cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Haɗarin mota ta yi, wata biyar ba ta magana, ba ta amsa kira. Ya ce mata ta ƙaddara tana buga ƙwallon tanis, sai sashen da ke shirya motsi ya kama aiki kamar na mai lafiya. Ya ce ta ƙaddara tana zagaya ɗakunan gidanta, sai wani sashen daban ya kama. Ashe tana ji, tana fahimta, jikin ne ya ƙi. A 2024 aka buga wani babban bincike kan irin waɗannan majinyata: cikin 241 da ba sa amsa umarni ko kaɗan, 60 ƙwaƙwalwarsu tana amsawa. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A 2020 kuma a Kanada an auna masu gargarar mutuwa, aka ga ƙwaƙwalwar waɗansunsu tana amsa sauti sa'o'i kaɗan kafin cikawa.

Saboda haka ɗan'uwa, in naka yana kwance cikin doguwar suma, kar a tsaya a kansa ana cewa "ai wannan ya gama", kar a fara rabon shanunsa a gefen tabarmarsa. Kira sunansa, gaya masa wanda ya zo, ka yi masa addu'a a kunne. Wanda ya zo gargara kuma a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ba da tsawa ba, ba da kururuwa ba.

Suma ba mutuwa ba ce

Yanzu ku matso kusa, don wannan ɓangaren yana iya ceton rai. Mu mutane ne masu gaggauta jana'iza, kuma sunna ce. Amma sharaɗinta a tabbatar an mutu. Malaman Malikiyya da ake karanta littattafansu a zaurukanmu, irin su Muhtasar na Shehu Halilu da sharhohinsa, sun keɓe wanda ruwa ya ci, suka ce a jinkirta, masu sharhi suka haɗa da wanda aradu ta faɗa wa, da wanda gini ya danne, da mai mutuwar fuju'a. Ibn Rushdi na Andalus, wanda alƙali ne kuma likita, ya rasu a 1198, shi ma ya kawo dalilin: ana tsoron da sauran rai a jiki bai bayyana ba. Ku duba fa, waɗannan su ne irin mutuwar da ta fi samun mutanen daji da mutanen hanya: tsallaka gulbi da garke, tsawa a fili, kifewar mota, faɗuwa daga babur.

To me za ka yi in abokin tafiyarka ya faɗi? Da farko kira shi da ƙarfi, ka daddaɓa kafaɗarsa. In bai amsa ba, ɗaga haɓarsa sama, ka kai kunnenka bakinsa kana kallon ƙirjinsa, ka ƙirga goma. In yana numfashi, kwantar da shi a gefensa don kar amai ko harshe ya toshe maƙogwaro. In haɗarin mota ne ko babur, tallabe kai da wuya kar su murɗe. Kar ka ɗura wa sumamme ruwa ko nono ko jiƙo, don huhu za su tafi, su kashe wanda da zai tashi.

In ba ya numfashi, ko yana wani irin shaƙuwa jefi jefi, to zuciya ta tsaya, kuma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6. Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ɗora tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya bisa ɗaya, ka danna da ƙarfi ya nutsa kamar faɗin yatsu uku, da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu kowace daƙiƙa. Bayan dannawa 30, toshe hancinsa ka hura masa iska a baki sau biyu, ka koma dannawa. Ga wanda ruwa ya ci da wanda aradu ta buga, hurawar nan tana da muhimmanci ƙwarai. Wani ya ruga neman ma'aikacin lafiya ko abin hawa, in ka gaji wani ya karɓe ka. Ba kowa ke dawowa ba, wanda kwanansa ya ƙare ya ƙare. Amma akwai waɗanda ke dawowa, kuma ba ka san cikin wane kashi naka yake ba.

A wasu wurare akan ce kar a taɓa wanda aradu ta faɗa wa sai an nemo nono an zuba, ko sai an kira wani mai magani. Jama'a, babu wutar da ke saura a jikinsa. Taɓa shi nan take ba ya cutar da kai, jiran ne ke kashe shi. Kuma in hadari ya taso kana fili, kar ka fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kar ka tsaya cikin ruwa, kar ka zama kai ne mafi tsawo a wurin.

Alamar mutuwa tabbatacciya kuwa ita ce sandarewar jiki, wadda ke farawa daga muƙamuƙi da wuya bayan sa'a biyu zuwa shida, da taruwar jini a ɓangaren da ke ƙasa. In akwai ma'aikacin lafiya kusa, a bari ya duba. In babu, kuma mutuwar ta zo farat ɗaya, jinkirin 'yan sa'o'i ba saɓo ba ne, bin maganar malamai ne.

Bayan an rufe ido

Mun zo ta uku. Me kimiyya ta gani a nan? A 2001 wani likitan zuciya a ƙasar Holan, Pim van Lommel, ya buga bincike kan mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su. Guda 62 daga ciki, wato kashi 18 cikin ɗari, sun ce sun tuna wani abu: wani ya ga haske, wani ya ji natsuwar da bai taɓa ji ba, wani ya ga kamar yana kallon jikinsa daga sama, wani ya ga rayuwarsa ta gifta a gabansa. Likitoci sun rabu kan fassarar wannan. Wasu sun ce aikin ƙwaƙwalwa ne da iska ta yanke mata, wasu sun ce bayanin bai isa ba. Amma ku lura da abu ɗaya: duk waɗannan mutane sun dawo. Sun kai bakin shinge ne, ba su tsallaka ba. Wanda ya tsaya a bakin iyaka ya leƙa, ba za ka tambaye shi farashin kasuwar can ciki ba. Ma'aunin likita a nan ya ƙare.

Sai dai ɗan Adam bai taɓa ɗaukar mamacinsa kamar mushe ba. A hamadar Tenere ta Nijar akwai wani wuri da ake kira Gobero. A 2000 masu neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka yi zamani suka ci karo da maƙabarta a can, mai kabari kusan 200, daga lokacin da wurin yake bakin tafki mai kifi da dorina da kada. Cikin kaburburan akwai na wata mata da yara biyu, kimanin shekara 5,300 da suka wuce, an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, kuma an sami garin fure a ƙarƙashinsu, alamar bisa furanni aka shimfiɗe su. Ba mu da sunansu ko harshensu, amma wanda ya tsinko furen nan ya yi baƙin ciki irin namu.

Abin da ke bayan shingen, imani ne ke ba da labarinsa. Musulmi ya yi imani rai ba ya ƙarewa da mutuwa, akwai zaman barzahu, akwai tashi, akwai hisabi. Maƙwabcinsa Kirista shi ma ya yi imani da tashin matattu da ranar shari'a. Alƙur'ani a Suratuz Zumar ya haɗa barci da mutuwa wuri guda, shi ya sa muke cewa barci ƙanin mutuwa. Kowane dare ana karɓar hayyacinka ba da shawararka ba, a mayar maka da safe.

To in haka ne, akwai wani ɓangare na bayan mutuwa da ke hannunka tun yau, shi ne hakkin mutane. Malamai sun ce ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Shi ya sa a wurin jana'iza ake shela, wanda ke bin mamaci ya zo. Amma kai da kasuwarka ke ƙetare, wa zai ji shelar? Dillalin da ya ba ka raguna goma a Maraɗi bisa yarda, ko mai shagon da ka ɗauki atamfa a wurinsa a Kano, ba sa nan. Saniyar habbanaye da ke cikin garkenka, kai ka san mai ita, 'ya'yanka sun sani? Kuɗin da wani ya ba ka ajiya suna cikin wayarka, lambar sirrin kuma tana cikin kanka kai kaɗai. Gidaje nawa suka rabu, zumunci nawa ya tsinke, don mutum ya tafi da lissafinsa a ka?

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Don haka ka sami ɗan littafi, da boko ko da ajami, ko ka sa yaro ya rubuta maka: wanda kake bi, wanda ke binka, dabbar da ba taka ba da alamarta da sunan mai ita. Ka gaya wa mutum biyu amintattu inda yake. Ka sani kuma tsarin dukiyar mamaci shi ne a fara da kayan jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan gado. In za ka yi doguwar tafiya, sa 'yar takarda a aljihu mai sunanka da garinku da lambar wani naka. Mutane da yawa an binne su a ƙasar da ba tasu ba a matsayin baƙon da ba a san shi ba, matansu na can suna jira, ba takaba ba aure. Rubuta wannan ba ya jawo ajali, kamar yadda ɗaure kaya da igiya ba ya jawo kifewar mota.

Sannan ka duba abin da zai ci gaba da gudana bayanka. Rijiyar da ka haƙa a burtali, bishiyar da ka dasa a bakin hanya, yaron da ka sa a makaranta, karsanar da ka ba wanda fari ya cinye wa garke. Waɗannan su ne guzurin da babu jami'in da zai sauke maka su a hanya.

Jama'a, lokaci ya cimma mu. Wanda ya ji bayanin danna ƙirji ya koya wa mutanen rugarsu ko na tasharsu tun kafin ranar bukata, wanda ke kusa da asibiti kuma ya roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna masa da hannu. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku ta wasiƙa ko ta waya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya, ya tsare dukiyar kowa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu. Mu kwana lafiya.